Tururuwa Ta Canza Hanya

Wasan namu ne, ni da 'yata, tun kafin ta iya magana. Da safe in na fito da ita daga wanka na shimfiɗa ta a kan tawul, sai in ɗora yatsu biyu a tafin ƙafarta in ce, "Tururuwa ta fito yawo." Daga nan yatsun su kama gabansu. Babu wata ƙa'ida. Yau su bi ta gwiwa, gobe su tsallake su faɗa cibiya, wata rana su ɓace cikin gashi sai an yi cigiya. Ko ta ina suka bi dai, a hammata suke sauka, ita kuma ta yi ta ƙyaƙyata dariya har ta sarƙe. Babanta, wanda malamin lissafi ne a sakandare, shi ya raɗa mata suna Rediyo, don tun ranar da bakinta ya buɗe ba a sake jin shiru a gidanmu ba.

Shekararta biyar aka ɗauke ni horon ƙwarewa a sashen sankara da cututtukan jini na yara. Na riga na daɗe ina aikin likitan yara, ina ganin babu abin da ya rage ban gani ba. Sashen yana can ƙarshen wani dogon baranda da aka zana wa raƙumin dawa da kifaye, fentin duk ya ɓaɓɓare, raƙumin ma ido ɗaya ya rage masa. Ciki gadaje ne jere, kowane da sandar ƙarin ruwa a kansa da uwa a gefensa. A nan na koyi karanta jini a madubin ƙara girma har in gane muguwar ƙwaya tun kafin in gama daidaita ido. Na koyi zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugun yaro, da auna magani daidai da tsawonsa da nauyinsa, da yadda ake zaunar da iyaye a faɗa musu abin da ba su zo ji ba. Watannin farko nakan shiga banɗaki in yi kuka. Daga baya wata rana na shiga na tsaya, na jira, babu abin da ya zo, sai na gyara ɗankwalina na fito. Ban sake shiga don wannan ba.

Wankan safe kaɗai ya rage mini da Rediyo. Kafin in dawo daga aiki ta gama ranarta, ta ba babanta duk labaran da ta tara, ni sai guntu-guntu. Malam, wato baban nata, ya sha ce mini in bar masa wankan in ƙara ɗan barci, nakan ce a'a. Bai san dalili ba, ni kuwa na sani. A duk yini, dariyar nan ta kan tawul ce kaɗai take shiga jikina in ji ta. In ta tafi, ban san me zai rage ba.

Shugabar sashen wata 'yar tsamurmurar dattijuwa ce da kowa ke kira Farfesa, har mijinta, in ji nas-nas. Kafin ta taɓa yaro sai ta cusa hannayenta a hammatarta su yi ɗumi, tana tsaye tana kallon mu ɗaya bayan ɗaya kamar mun ci mata wani abu. Dokokinta ba su da yawa, amma ba ta yafe su. Babba a ciki ita ce ba a yi wa yaro ƙarya. Ranar da wani abokin karatunmu, wani ƙato da muke kira Dogo, ya ce wa yaro allura ba zafi, a gaban kowa ta ce ya miƙo hannunsa a gwada.

Akwai wata yarinya a gadon kusa da taga, sa'ar Rediyo, mai sankarar jini. Magani ya zubar mata da gashi, uwarta ta saƙa mata jar hula, shi ke nan sunan ya bi ta. Mai Jar Hula ta sha allura har ta daina yarda da duk wani mai farar riga. Ta ciji nas, ta ciji ɗaliba, ta kai wa Dogo hauri a inda bai iya ba da labari ba. Wata safiya muna zagayen gadaje, Farfesa ta nuna ni da haɓa.

"Likita, duba mini cikinta."

Yarinyar ta dunƙule, ta ɗaure cikinta tamau. Wanda duk ya taɓa neman saifa a cikin yaron da ya ɗaure ciki ya san aikin banza ne, daidai yake da latsa bango. Na yi lallashi, uwar ta yi, babu labari. Ban san lokacin da yatsuna biyu suka sauka a tafin ƙafarta ba.

"Tururuwa ta fito yawo," na ce.

Ta leƙo ta ƙarƙashin hular. Tururuwa ta hau gwiwa, ta zame, ta sake hawa. Ta tsaya ta yi wa cibiya sallama. Kafin ta isa hammata cikin ya saki, yarinyar tana dariya, uwar ta toshe baki da gefen mayafi don ta manta rabon da ta ji wannan sautin. Na lallaɓa na duba abin da aka ce in duba.

"Ina kika samo wannan?" Farfesa ta tambaya.

"Wasan 'yata ne, ranki ya daɗe."

"Tururuwar taki ba ta da tarbiyya, yawon banza take yi. Za mu sa ta a makaranta."

Ranar, a ɗakin shan shayinmu, ta kwantar da Dogo a kan benci ta shata wa tururuwa sabuwar hanya. Daga bayan kunne za ta fara, ta gangaro ƙarƙashin muƙamuƙi, ta bi wuya, ta leƙa ramin da ke saman ƙashin ƙirji, duk wuraren da kaluluwa ke fitowa. Sai ta sauka ƙasan haƙarƙarin dama wajen hanta, ta ƙetara hagu wajen saifa, ta bi matsematsi, ta latsa ƙwauri ko ƙashi na ciwo. A kowane zango za ta tsaya ta sha ruwa, wato yatsu su nutse su saurara. In ta zo haƙarƙari sai a ce wa yaro tururuwa na jin zafi, ya ja iska da yawa ya yi mata fifita, don jan numfashin ne ke turo saifa ta taɓo yatsa in ta kumbura. Cakulkulin hammata kuwa sai a ƙarshe, bayan an gama komai, tunda dariya na ɗaure ciki.

Gaskiya hanyar ta yi kyau. Kafin wata ya zagayo duk sashen ya ɗauka. Sai ka ji ƙattin maza da muryoyi kamar na injin niƙa suna sanar da fitowar tururuwa daga gado zuwa gado. Ta Dogo, yara suka ce ba tururuwa ba ce, raƙumi ne. Cizo ya ragu. Farfesa ta sa abin cikin jarrabawar gwaji, ta kuma ambaci sunana a taron sashe, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. In ma na ji wani abu, to ɗan alfahari ne, shi ma bai kai azahar ba.

A gida Rediyo ce ta fara lura.

"Mama, tururuwa ta canza hanya."

"Haka take, ai kullum sabuwar hanya take bi."

"A'a, yanzu kullum ta kunne take farawa. Kuma me ya sa take tsayawa?"

"Ruwa take sha."

"Da ba ta shan ruwa."

Na ce mata tururuwa ta girma ne, manya kuwa suna jin ƙishirwa. Ta yarda, ko ta yi kamar ta yarda, ta wuce zuwa labarin wata 'yar ajinsu da ta haɗiye maɓalli. Ni kuma yatsuna suna ƙasan haƙarƙarinta na hagu suna jiran ta ja numfashi tsakanin jimla da jimla.

Ba da niyya nake yi ba. In ina goge mata haƙora sai in ga ina duba dasashinta ko yana jini. In ina shafa mata mai a fuska, babban yatsana ya ja fatar idonta ƙasa ya ga ko ta yi fari. Ranar da na ga wani shuɗin tabo a ƙwaurinta na tsaya a kansa har man ya bushe a hannuna. Malam yana bakin ƙofa yana ɗaura agogo.

"Dakta," ya ce, haka yake kira na in zai tsokane ni, "daga kan lilo ta faɗo jiya, a gabana."

"Na sani."

"To sakar mata ƙafa ta sa safa. Yarinyar nan da ta fi ni cin abinci."

Wani lokaci mura ta kama ta, wata 'yar kaluluwa ta fito mata a ƙarƙashin muƙamuƙi. Na san ta mura ce. Da ɗalibi ne ya kawo mini ita a asibiti da fargaba, da na yi masa dariya. Duk da haka kowace safiya tururuwa takan daɗe a wurin tana shan ruwa, har sai da abin ya baje don kansa. Rediyo dai ta koyi karkatar da wuya tun kafin yatsuna su iso. In an zo hammata tana dariya har yanzu, amma gajeruwa, irin wadda ake yi wa baƙon da ya ba da labarin da aka riga aka sani. Na ji bambancin, na kuma ajiye shi a gefe yadda nake ajiye sauran abubuwa, da niyyar in na gama horo zan duba.

Ana nan wata rana famfon makarantarsu ya fashe, ruwa ya cika azuzuwa, aka sallami yara da hantsi. Malam yana da aji, sai ya kawo mini ita asibiti. Ba a shigar da yaro mai lafiya cikin sashen, don namu yaran ko tari bai kamata ya same su ba. Na zaunar da ita a ɗakin nas-nas, na ba ta takarda da biro. Ɗakin yana da babbar tagar gilashi da ke kallon gadaje, don nas ta riƙa ganin kowa daga kujerarta. Ban yi tunanin tagar ba.

Ranar kuma muna da baƙi, likitoci daga wasu asibitoci da suka zo kwas na 'yan kwanaki. Farfesa ta ce in nuna musu hanyar tururuwa, ta zaɓi Mai Jar Hula. Ciwon yarinyar ya kwanta, jininta ya yi kyau a awo na baya, gashi ya fara tsirowa a ƙarƙashin hular kamar na ɗan tsako. Dubawa kawai suka zo, uwar ma ba ta kwance jakarta ba. Da yarinyar ta gan ni ta hau gado da kanta ta ɗage riga.

"Tururuwa ta fito yawo."

Bayan kunne, babu komai. Muƙamuƙi, wuya, babu komai. Baƙin sun kewaye gadon, wasu suna kwaikwayo da yatsu a kan hannayensu. Tururuwa ta sauka dama, ta sha ruwa, ta ƙetara hagu. Na ce tana jin zafi, a yi mata fifita. Yarinyar ta cika ƙirjinta da iska, sai wani abu mai tauri ya gangaro daga ƙarƙashin haƙarƙari ya taɓo mini yatsu. A zuwanta na baya babu shi.

Ban fasa ba, ba a fasawa. Tururuwa ta bi matsematsi, ta latsa ƙwauri, yarinyar ta ɗan janye ƙafa. Ta hau hammata, Mai Jar Hula ta yi dariya, baƙin suka yi, wani har da tafi. Farfesa ba ta kalli fuskata ba, hannuna ta kalla tun yana haƙarƙarin. Ta cusa nata a hammata ya yi ɗumi, ta ɗora a daidai inda nawa ya tashi. Uwar ta shekara a sashen nan, ta san abin da ake nufi in likita biyu suka taɓa wuri ɗaya. Ba ta tambaya ba, ba ta yi ihu ba. Ta nemi kujera da hannu ba ta samu ba, sai ta zauna a ƙasa, jakar tana kan cinyarta.

Na rubuta awon jini da na ɓargo. Na durƙusa kusa da uwar na faɗa mata abin da aka koya mini, cewa sai sakamako ya fito, kuma ko me ya nuna muna tare. Muryata ta fita daidai. Da na miƙe na juya, Rediyo tana tsaye a kan kujerar nas, goshinta manne da gilashi.

A mota Rediyo ba ta kunna ba. Muka wuce gidan mai, muka wuce mai sayar da balan-balan da kullum sai mun yi rigima a kansa, ko kallon sa ba ta yi ba. Sai da danja ta tsayar da mu ta yi magana daga kujerar baya.

"Mama, tururuwata ce."

"Taki ce."

"Ke kika ba su?"

"Aro na ba su."

"Har da wannan dogon?"

"Har da shi."

A madubi ina ganin ta tana murza igiyar jakarta.

"Me take nema a cikin yarinyar?"

"Ciwo take nema."

"Ta samu?"

"Wataƙila ta samu."

"Shi ya sa mamanta ta zauna a ƙasa?"

"Shi ya sa."

Danja ta saki, na ja mota. Na san tambayar da ke tafe, na ji tahowarta tun daga nesa yadda nake jin ta iyaye.

"A cikina ma shi take nema?"

Kowace uwa a titin nan ta san amsar, kalma ɗaya ce, a'a, a haɗa da dariya a saya mata balan-balan. Ni kuma an horar da ni. Na yi ɗan shirun da ake yi don a ba mai tambaya wuri, na zaɓi jimlar da babu ƙarya a cikinta.

"Ba ta taɓa samun komai a jikinki ba."

"To," ta ce.

Da yamma ta ci abincinta, ta yi aikin gida. Malam ya tambaye ta labarin famfon da ya fashe, ta ce ruwa ne kawai. Ya kalle ni ta saman kanta, na ce gajiya ce. Na faɗa masa ciwon wata yarinya ya dawo, ya ce Allah ya ba ta lafiya, na ce amin. Ina wanke kwanuka ina duba cikina ko zan ji tsoro, ko baƙin ciki, ko haushin kaina. Na san duk suna nan, amma kamar kayan da aka kulle a ɗakin wani.

Washegari na yi mata wanka kamar kullum. Na shimfiɗa tawul a kan gado, na juya ɗauko mai. Kafin in waiwayo ta kwanta da kanta, a miƙe, hannaye a gefe, ta ɗan tanƙwara gwiwoyi yadda ta ga an sa Mai Jar Hula ta yi. Fuskarta tana kallon bango.

Na yi niyya tun kafin in tashi daga barci. Yau tsohon wasa za mu yi, na da, babu zango babu shan ruwa. Na ɗora yatsu biyu a tafin ƙafarta.

"Tururuwa ta fito yawo."

Na tsaya ina neman tsohuwar hanyar, sai na tuna ai babu wata hanya, shi ne ma wasan. Yatsun suka hau idon sawu, suka yi jim, ba su san inda ake zuwa in ba a neman komai ba. Da suka isa ƙwauri na ji sun latsa.

"Daga kunne ake farawa, Mama," ta ce, ba ta juyo ba.

"Yau yawo kawai za ta yi."

"Ki yi daidai, kar ki tsallake wani wuri."

Na koma kunne. Muƙamuƙi, wuya, ta karkatar da kai ta ba ni wuri. Dama, hagu. Ban ce tururuwa na jin zafi ba, da kanta ta ja iska ta cika ƙirji ta riƙe. Yatsuna suka nutse ƙarƙashin haƙarƙarin suka saurara. Ciki mai laushi, mai ɗumi, babu abin da ya taɓo ni.

"Ta samu?"

"Ba ta samu ba."

Ta saki numfashin, ta tashi zaune, ta jawo rigar makarantarta.

"Saura hammata," na ce.

"Bar shi, zan makara." Ta zura kai cikin rigar, muryarta ta fito daga ciki. "Gobe ma za ki duba?"

Babanta ya kira ta daga falo, ta ɗauki safarta ta fita. Ina jin sa yana tsokanar ta, wai yau an ɗauke wuta ne a gidan rediyo, ban ji ta amsa ba. Na ninke tawul na rataye. Sai da na ga kumfa ta rufe mini hannu na lura ina tsaye gaban famfo ina wanke su, har tsakanin yatsu, har wuyan hannu, yadda muke yi kafin mu wuce gado na gaba.